Shekarar da Aka Sa Ni Horo Saboda Rago

Saratu, ke kika kawo mini maganar, don haka da ke zan fara, amma har da 'yan'uwanki nake. Kin ce wata tsohuwa ta tare ki a Maradi bayan an tashi daga sujada, ta riƙe hannunki ta ce, ashe ke ce 'yar Rahila, wadda aka sa horo shekarar da mijinta ya mutu? Kin ce ta faɗa tana wani murmushi da ya hana ki cin abinci ranar. Na san murmushin, ni aka fara yi wa shi tun kina lakol, wato makarantar boko. A ikkilisiyarmu in dattawa suka sa mutum horo, sai a mayar da shi kujerar baya ta bakin ƙofa, a hana shi jibin Ubangiji, a hana shi waƙa cikin mata, har ranar da zai tashi gaban jama'a ya ce ya tuba. Kuma kowa ya san laifin da ya fi kai mace kujerar nan, balle wadda mijinta bai daɗe a ƙasa ba. To ku buɗe kunnuwanku. An sa ni horo, gaskiya ne, na kuma cika shekara a bakin ƙofar nan. Amma babu namijin da ya kai ni can. Rago ne ya kai ni.

Sai na koma da ku baya kafin ku gane. Ni a gidan masu bi aka haife ni, can wajen Gidan Rumji, ban san wata hanya ba sai ta Almasihu. Ubanku kuwa da girmansa ya karɓi bangaskiya, shi kaɗai a zuriyarsu, a wannan gari namu na tsakanin Agiye da Gazawa inda gidajen masu bi ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ranar da ya faɗa wa danginsa, wansa, wato Baba Sani ɗinku wanda ni nake kira Yaya, ya rantse ba zai ƙara haɗa inuwa da shi ba. Da aka kawo ni amarya na tarar katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu, amma ko garwashin wuta ba a aikowa a ɗiba. In sun haɗu a hanyar gona, Yaya Sani sai ya tsura wa jakinsa ido har su wuce juna. Haka aka shekara da shekaru. Ubanku mutum ne mai sanyin baki, ba ya iya rigima, ni ce mai yi masa ita. Wata shekara, ana gobe Nowel, wadda mutanen ƙetare ke cewa Kirsimeti, sai kawai na ga ya kwance ragon da muka yi kiwo ya ja shi ya fita. Na bi shi da ludayi a hannu ina tambayar ina za shi, shi kuwa bai tsaya ba sai ƙofar wansa, ya yi sallama.

"Yaya, gobe sallarmu. Ga rago, ina son ka yanka mini."

"Kai ba ka da wuƙa?" in ji Yaya Sani, fuska a ɗaure.

"Ina da ita. In na yanka, ni da Rahila ɗai ka ci. In kai ka yanka, ɗiyanka su ci, inna ta ci, gari duk shi ci."

Yaya Sani ya daɗe yana kallon ragon. Can ya ce, "Wanga rago bai ƙoshi ba, wa ya yi kiwo nai?" Ina bayan katangar ina ji, na cika na batse, don ni na yi kiwon. Amma da safe sai ga shi da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Ranar nan tsohuwar da ta haife su ta ci abincin gidan ɗanta, abin da ta yi shekaru tana hawaye a kai. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk Nowel shi ke yanka, mu dafa, kwanuka su fita gida gida har gidan liman, su kuma in sallarsu ta zo kwanukansu su shigo mana. Sauran masu bi suka ga abin ya yi kyau, su ma suka riƙa kiransa. Tsohon fastonmu har cinya yake cewa a ajiye masa.

Kiwon ragon aikina ne, kuma a nan nake yawancin addu'ata. Ku kun san ni, ban iya addu'a mai tsawo da kalmomin makaranta ba. Ina zuba dusa ina gaya wa Ubangiji abin da ke damuna, ina yayyafa harawa ina kai masa ƙarar ubanku, wani lokaci har da ƙararsa shi kansa in ruwa ya yi jinkiri. Tun ina yarinya uwata ta ce mini Uba ne, ni kuma na ɗauki maganar da gaske, ina yi masa magana yadda ake yi wa uba a tsakar gida. Ban taɓa jin ya kore ni don na ɗaga murya ba.

A shekarar da nake ba ku labari, ubanku ya sayo ɗan rago a kasuwar Gazawa tun da bazara, fari mai baƙin kunne, ya ɗaure shi ya dafa kansa ya yi godiya kamar yadda ya saba. Ana tsakiyar noma na biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Kuna Maradi, kun zo kun yi zaman makoki kun koma lakol, na zauna ni kaɗai da gona cike da ciyawa. Ban roƙi kowa ba. Da sassafe na ji motsin hauya, na leƙa, Yaya Sani ne da samarin gidansa. Su suka nome, su suka girbe, su suka ɗauro dammunan gero a amalanke suka zuba mini a rumbu. Ban ce 'yan'uwa masu bi ba su taimaka ba, sun zo sun yi mini waƙa sun yi addu'a, na kuma ji daɗi. Amma wanda ya sunkuya a gonata Yaya ne, kuma tsoho ne mai ciwon gwiwa.

Da kaka aka canza mana fasto. Aka turo Fasto Bitrus, saurayi sabon fitowa daga makarantar Littafi, dogo, mai murya kamar ta mutum biyu. An ce a garin da ya taso sun sha wuya a hannun maƙwabta, kuma ban ƙaryata ba, don in ya ji kiran salla sai ka ga kafaɗarsa ta ɗaga. Amma wuyar da ya sha can ya ɗauko ta a kai ya zo ya sauke mana a nan, inda ba mu muka ba shi ita ba. Ana saura 'yan makonni Nowel ya hau mumbari ya ce ya ji wani abin kunya, wai masu bi suna miƙa dabbar haihuwar Ubangiji ga wanda bai yarda da Ubangijin ba, ya kira abin da ya ga dama a kanta. Ya ce daga bana an daina, samarin ikkilisiya za su yanka wa kowa. Na duba dama na duba hagu, duk waɗanda suka yi shekaru suna tanɗe yatsu da yankan Yaya sun sunkuyar da kai kamar an kama su da kazar sata. Da yamma ya zo har gida, don an gaya masa a gidana abin ya samo asali. Na shimfiɗa masa tabarma na kawo ruwa.

"Mama, na san kina cikin baƙin ciki. Amma ina so ki zama misali. Wane suna ake kira a kan ragonki in wancan mutum ya sa wuƙa?"

"Sunan Allah shika kira, Fasto. Ina tsaye, ina ji."

"Ba Allahn da muka sani cikin Almasihu ba."

"Wanga rago, mai gidana ya dahwa kai nai ya yi godiya tun yana ɗan ƙarami. Ni kau kullum da sunan Yesu nika ba shi dusa. Duk wagga addu'a, wuƙa guda ka goge ta?"

Ya yi murmushi irin na mai ilmi, ya ce addu'ar zuba dusa daban, koyarwa daban, kuma Ubangiji ba abokin hirar kowa ba ne, Sarki ne mai tsarki. Wannan ce ta tsaya mini a wuya. Yaron da na girmi uwarsa, ya zauna kan tabarmata, ya sha ruwan randata, yana gaya mini cewa Wanda nake magana da shi tun kafin a yi cikinsa ba ya saurarena yadda nake zato. Na ce masa na ji, Allah ya huta gajiya.

Kwanakin da suka biyo baya na matsa wa Ubangiji lamba. A turken ragon nake tsayawa da rana tsaka in ce, kai ka ga wanda ya nome gonar nan, ka ga hawayen tsohuwar nan ranar da ta ci tuwon ɗanta, yanzu in je in ce wa Yaya hannunsa ƙazanta ne? A Nowel ta farko da babu ƙanensa? In haka kake so ka faɗa mini da kanka. Ba zan yi muku ƙarya in ce na ji murya ko na yi mafarki ba. Ban ji komai ba sai ragon yana tuƙa. Abin da na lura da shi kawai, duk lokacin da na shirya a raina zan je in sallami Yaya, sai bakina ya kasa addu'a, in zauna gum. In na ce zan kira shi, sai maganar ta dawo, in ji ni a gida. Da wannan na yi aiki, don ba ni da wani ma'auni.

Ranar Nowel Yaya Sani ya zo da wuƙarsa, bai san ana wata magana ba. Ya tsaya kan ragon, sai na ga yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Shi ya saye shi ko?" Na gane ubanku yake nufi, na ce shi ne. Ya yanka, samarinsa suka feɗe, muka dafa. Kwanuka suka fita kamar kullum. Na gidan fasto ya dawo da murfinsa yadda na rufe shi. Na gidan Dattijo Musa, babban dattijon ikkilisiya kuma abokin ubanku na ƙut da ƙut, ya dawo a wanke tas.

Bayan kwana kaɗan aka kira ni gaban dattawa. Fasto ya yi dogon bayani a kan rashin biyayya, ya ce in na yarda na tashi ran Lahadi na ce na yi kuskure, magana ta ƙare. Na juya wajen Dattijo Musa.

"Baba Musa, kwanon da na aiko maka, wa ya cinye?"

Ya hau gyaran hula. Ya ce, "Rahila, a bi shugabanni shi a zaman lahiya."

"Tambaya na yi. In naman haram ne, mu biyu ka zama kujerar baya, ko ko?"

Har gobe in na tuna mutumin nan raina ɓaci yake. Fasto ko ba komai ya yarda da abin da yake faɗa, baƙo ne, bai ga shekarun gaba ba. Shi kuwa Musa yana nan aka yi komai, shi ya riƙe ƙafar rago ba sau ɗaya ba, naman bai gama fita daga haƙoransa ba ya ɗaga hannu aka yanke mini hukunci. Na ce musu ba zan tsaya gaban Allah in ce na tuba daga abin da ban ga laifinsa ba, don wannan ita ce ƙaryar da za ta raba ni da shi.

Ga inda aka cuce ni. Ran Lahadi da aka zo sanarwa, sai suka ce an sa 'yar'uwa Rahila horo saboda wani al'amari da ba za a bayyana ba. Dalilinsu wai kada maganar ta fita gari musulmi su ji an ƙi yankansu, a samu fitina. Sun tsare zaman lafiyarsu, suka biya da mutuncina. Mace mai takaba da ba ta daɗe da fita ba, a ce al'amarin da ba za a bayyana ba, me kuke zato mata za su ɗauka? Kafin Lahadi ta kewayo an riga an samo mini namiji a bakin rijiya, har an fara musu ko mai tuƙa kabu-kabun Gazawa ne ko mai sayen wake. Ina iya buɗe baki in wanke kaina da kalma ɗaya. Amma in na faɗa, Yaya zai ji cewa a majami'ar ƙanensa an kira hannunsa abin ƙyama, kuma duk abin da ubanku ya gina da ragon farko zai rushe. Na haɗiye. Ku ma ban gaya muku ba, don bakin Saratu a lokacin bai fi nawa riƙo ba.

Na zauna a kujerar nan rani da bazara da damina. Tana dab da inda ake tuɓe takalma, kaji na shigowa su leƙa ni su fita. Duk ranar jibin Ubangiji sai mai rabo ya zo da faranti har layin da ke gabana, ya juya. Ba zan ɓoye muku ba, wannan juyawar ta fi tsegumin rijiya ciwo. Tun ina budurwa nake karɓar gurasar nan, ita ce abin da na riƙe ranar da aka binne ubanku. Na yi fushi da Ubangiji sosai, na kuma gaya masa. Na ce teburin naka ne ko na Bitrus? Ka ga ana hana ni abincinka ka yi shiru? Wata Lahadi ma na ce masa ba zan ƙara zuwa ba, amma da aka buga ƙarfe na tsinci kaina ina ɗaura kallabi. A shekarar nan na gane cewa zamana mai bi ba a hannun dattawa yake ba. Sun iya hana ni faranti, sun kasa hana ni magana da shi, kuma ban taɓa yi masa magana da yawa kamar a bakin ƙofar nan ba. Sai dai kada ku ɗauka wannan ya sa na ce abin da suka yi daidai ne. Zalunci ne, kuma da sunansa nake kiransa.

Na sake kiwon wani rago, da niyyar in an ga dama a bar ni a kujerar har in mutu. Ban san cewa tsegumin ya kai kunnen Yaya Sani ba. Ashe ya ji, ya tafi a fusace wurin Dattijo Musa ya ce a nuna masa namijin da ake cewa yana shiga gidan ƙanensa, shi kuwa Musa da ya ga tsoho ba da wasa ya zo ba sai ya zazzage masa gaskiya duka. Ana gobe Nowel na ja ragon zuwa ƙofarsa na yi sallama. Ya fito yana dogara sanda, ya dubi ragon, ya dube ni.

"Rahila, mai da shi gida."

"Yaya, mi ya hwaru? Bai ƙoshi ba?"

"Ya ƙoshi. Na ji inda sunka zaunar da ke. Shekara guda, kina bakin ƙohwa, ana ɓata miki suna, kina gaishe ni sahe da marece ba ki hwaɗi ba."

"Wannan tsakanina da su ne. Kai dai ɗauko wuƙa."

"Ba ni yankawa. Ni na san in anka hana ni sahu a masallaci, ban kwana lahiya. Ban yarda da hanyarku ba, kin sani, amma ba ni zama sanadin raba ki da wurin ibadarki. In na gamu da ƙanena, mi za ni ce mai?"

Na roƙe shi. Na yi faɗa, na ce shi ma ya bi sahun masu wulakanta ni, na ce wahalar shekara guda ke nan ya zubar mini a ƙasa. Ya bar ni na gama, ya ce Allah shi ba ki haƙuri, ya shige gida ya ja ƙyaure. Na tsaya da igiya a hannu har ragon ya fara cin dangarsa.

Da safe samarin ikkilisiya suka zo suka yanka. Dattawa suka ce tunda an bi umarni ba sai na tashi na yi magana ba, don su ma sun gaji da ganina a can. Na dafa naman da hannuna, na zuba mafi kyau a kwano na kai wa Yaya da kaina. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka mai tsawo, ya ajiye kwanon a gefen tabarma bai ɗaga murfin ba. Ni na san ba zai ci ba, shi ma ya san na sani. Haka aka yi a kowane gidan musulmi, an karɓa da fara'a, ba a ci ba. Kafin wata Nowel ta zo Yaya Sani ya rasu. Fasto Bitrus ya yi 'yan shekarunsa aka mayar da shi wani gari, na ji an ce yanzu ya yi sanyi, Allah ya ƙara masa. Amma babu wanda ya taɓa tashi a majami'ar nan ya faɗi dalilin horona, shi ya sa tsohuwar Maradi take da abin yi miki murmushi.

Lahadin da aka mayar da ni cikin mata, mai rabo ya tsaya a gabana da farantin da na shekara ina kallo daga nesa. Mata suna ta gyaɗa mini kai wai an yi nasara. Na miƙa hannu na ɗauka, don ina jin yunwarsa, kuma ba gurasar Bitrus ba ce balle in ƙi. Na riƙe ta a tafin hannuna, na rufe ido, na ce, Uba, ga ni an mayar da ni teburinka, na gode. Amma ka sani, sai da aka tashi baƙona daga nawa, kuma maganar nan ba mu gama ta ba, ni da kai.